Fiton da Ke Fitowa Daga Lambun Abbas

Jibiya, 3 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lahiya, da Hauwa'u da yara. Inna na gaishe ka. Na ba direban Maraɗi takardar nan ne don maganar ba ta waya ba ce: da Inna ta ji muryarka sai ta matso kusa da ni.

Yaya, shekara biyu ke nan da Yaya Abbas ya hau mashin zuwa Gangara bai dawo ba. Lambunsa na bakin gulbi ya zama daji, shi ya sa na fara zuwa da safe ina share shi. A bukkar lambun na tarar da madubin hangen nesansa, da littafin da yake zana tsuntsaye da fensir yana rubuta sunayensu. Da muna yi masa dariya. Yanzu ni ce ke zaune ƙarƙashin mangwaro ina koyo.

Na iya raba kurciya da hasbiya: hasbiya ta fi girma, ga ja kewaye da idonta. Na gane cilakowa da dogon bakinta. Ragon maza kuwa kukansa kamar ana tsiyayar da ruwa daga kwalba.

Amma akwai wani fito da na kasa ganin mai yinsa. Ka tuna fiton da Yaya Abbas ke yi idan ya iso ƙofar gida? Wallahi shi ne, ba ragi. Daga cikin sarƙaƙiya yake fitowa, bayan shinge. Na gaya wa matarsa Mariyamu, ta bar tankaɗe ta shige ɗaki. Kana jin yana raye, yana tsoron shigowa gari?

Ƙanwarka,
Hasiya

Maraɗi, 9 ga Yuni

Hasiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lahiya, sai dai aiki: tun da aka tsananta a boda, 'yan duwan, wato kwastan, sai su tsare mota kwana biyu.

Tsuntsu ne kike ji, ba kowa ba. Ki daina zuwa lambun nan ke kaɗai, kin san yadda bayan gulbi yake yanzu. Kada ki sake tayar wa Mariyamu da hankali. Ki gaida Inna, ki tabbata tana shan maganinta na hawan jini.

Yayanki,
Yusha'u

Jibiya, 20 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri, ban bi maganarka ba.

A shafin ƙarshe na littafin ya rubuta "suda", bai zana komai ba. A ƙasa ya ce: "Tana ɓuya, sai an yi haƙuri." Wataƙila ita ce mai fiton, amma ni haƙurin ne ya ƙare mini. Shekaranjiya na ƙetare shinge na bi fiton. In na matsa, sai ya matsa. Ban ankara ba sai ga ni na haye gulbi, babu gona, babu mutum, sai sawun mashina sababbi a yashi. Wata tsohuwa mai itace ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yar nan, wa kike nema a nan? Koma!" Na ce yayana. Ta dube ni, ta raka ni har bakin ruwa.

Inna har yau tana ajiye masa tuwo. Mariyamu ba matar aure ba, ba bazawara ba. Ranar Asabar zan koma, zan bi shi har inda ya tsaya.

Taka,
Hasiya

Maraɗi, 22 ga Yuni

Ƙanwata Hasiya,

Na roƙe ki da girman Allah kada ki koma. Na ba direban takardar nan na ce ya miƙa miki hannu da hannu kafin Asabar.

Abbas ya rasu. Ni na wanke shi.

Kwana uku da ɓatansa wasu manoma suka kira ni, sun ga lambata a aljihunsa. 'Yan bindiga suka harbe shi a hanya suka tafi da mashin. Mu bakwai muka yi masa salla, muka rufe shi gindin wata tsamiya. Na taho Jibiya da niyyar faɗa, na tarar da Inna kwance ana ƙara mata ruwa. Ta kama rigata ta ce, "An gan shi?" Na ce ana nema. Daga nan kullum sai na ce gobe.

Kuma ni na aike shi ya dubo mini gero. Ya ce hanyar ba kyau, na ce ragwanta ce.

Shi ya sa ba na iya kwana a gidan. Duk abin da kika ga ya dace ki yi. Ki yafe mini in za ki iya.

Yusha'u

Jibiya, 27 ga Yuni

Yaya,

Salam. Na karanta wa Inna da Mariyamu takardarka bayan sallar la'asar. Mariyamu ta tafi gidan iyayenta, za su tambayi malam yadda takabarta za ta kasance. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce ka zo ranar Juma'a ka kai ta tsamiyar. Na ce hanyar fa? Ta ce kai ka san ta.

Jiya na ga sudar, daga cikin shinge. 'Yar ƙarama ce, fukafukinta ja-ja, kanta da baƙin zane. Na daɗe ina kallon ta a madubi, bakinta a rufe, sai fiton ya tashi daga bayana, kusa ƙwarai. Wataƙila suda biyu ne.

Ban waiwaya ba.

Sai ka zo,
Hasiya