Bakina Ya Kai Ni Tsaron Raga

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki, ya maigidan da yara? Mu nan Thamesmead, Landan, lafiya lau, sai dai bakin ƙaninki ya sake ja masa.

Ummina tana buga hoki, ƙwallon sandan nan. Ita ce gola ta biyu, wato mai tsaron raga, a kulob ɗinsu, kullum tana benci. Ta farkon, Katie, kwanan nan sai zura mata ake yi, har iyaye suka rabu: wasu a canja ta, wasu a yi mata haƙuri. Ni da ban san dokar wasan ba, na zama shugaban masu cewa a canja.

Ranar Asabar na isa filin Woolwich a makare, na tarar ana cin mu. Na buɗe murya da guntun Turancina: "A fitar da golan nan, a sa 'yata!" Da aka tashi, gola ta cire hular kwanon da ta rufe mata fuska. Ummi ce. Ashe Katie ba ta da lafiya, shi ya sa aka sa Ummi a raga.

A bas ko kallona ba ta yi ba, ta ce ta bar hoki. Na yi ta lallashi har ta kafa sharaɗi: "Baba, sai ka sa kayan gola ka tsaya a raga, mu buga maka."

Asabar mai zuwa ne. Ki sa ni a addu'a, Yaya, ƙwallon nan kamar dutse yake. Ki gai da Inna, amma kada ki ba ta labari.

Ƙaninki,
Sani