Wata Uku a Kan Kalma Ɗaya

In Amguel, Lahadi, 12 ga Maris 2006

Zuwa ga Malama Zuhura, sanyin idona, inuwar dabinon garin Tit da tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya sauko daga dutse da ƙishi. Ina gaishe ki gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Motarmu ta lalace a nan, muna jiran taya daga Tamanrasset. Direban da zai miƙa miki wasiƙar nan shi ya ba ni labarin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Wai buron masu yawon buɗe ido, ofishin nan da nake wa aikin girki, ya nemi ki riƙa koya wa direbobi da 'yan rakiya Ingilishi, kin ce a'a. Wai kin gaya wa yayanki Muhammad Kabir ba ki iya koyarwa ba, tunda wata uku kina fama da ni, Illo, a kan kalma ɗaya, har yau ban gane ba.

Zuhura, ke ce ba ki iya ba? To wa ya iya?

Kin tuna ranar farko a bayan shagon yayanki, tsakanin dilolin atamfa? Na zo da Faransancin lekkol, makarantar bokon Maraɗi, ina jin kaina wani ne. Kika rubuta look a kayena, littafin rubutuna, kika ce duba ke nan, amma kalmar kamar tuwo take, miyar da aka zuba mata ita ke sauya ta. Kika ɓoye almakashin shago kika sa mu nema har yayanki ya fara faɗa, sannan kika ce abin da muka yi shi ne look for. Kika nuna Barira mai waina tana kare goyonta daga rana, kika ce ga look after. Look down on kuwa, kika ce in tuna yadda ɗan dowan, ma'aikacin kwastan, ke kallon takardunmu. Da muka zo look forward to sai kika ce shi ne abin da mai azumi ke ji yana sauraron kiran magariba. Wane littafi ne ya taɓa faɗar haka? Wace makarantar Zariya ce ta koya miki, in ba baiwa ce Allah ya zuba miki ba? Muryarki in kina bayani kamar ruwa ne ya sauka a kan ƙasar da ta shekara tana jira.

Ga gaskiyar, da kunya nake rubuta ta. Tun makon farko na gane, duka. Amma yayanki ya ce ranar da na haddace shafin look ɗin nan darasi ya ƙare, kuma kowane zama shayi uku ne, ana shanye na ukun in tashi. Shi ya sa nake ba ki amsar banza da gangan. Shi ya sa na karɓi aikin hura wuta, nake zaɓo gawayi mai laima don butar ta yi ta jan ƙafa. Kina sake bayani kina dafe goshi, ni kuwa ina ta murna a ciki kamar wawa. Ban san ina rushe miki zuciya ba.

A watan jiya a kan dutsen Assekrem wata tsohuwar Baturiya ta matsa bakin dutse tana ɗaukar hoto. Bakina ya ce look out tun kafin in yi tunani, ta ja da baya. Da ta huce ta tambaye ni wa ya koya mini, na faɗi sunanki a gaban duwatsun nan gaba ɗaya. Na dawo na zauna gabanki na ce na manta ma'anarta.

Don Allah, farin watana, ki je buron nan kafin Laraba, don na ji in ba ki amsa ba za su ɗauko wani daga birnin Aljer. Ki ɗauki wasiƙar nan ki nuna musu in kina so, su yi mini dariya, na cancanta.

Ranar Asabar zan dawo. Ki yi mini tambaya a gaban yayanki, daga farkon shafi har ƙarshe, ba zan faɗi ko ɗaya ba. Na san abin da hakan ke nufi: darasi ya ƙare, ba ni da sauran hujjar zama a bayan shagon nan. Na yarda. In kin yafe, kawuna Zakariya'u zai zo wa yayanki da goro ta ƙofar gaba, yadda ya kamata in yi tun farko. In ba ki yafe ba, ki kori maƙaryacin, amma ki bar malamar ta tafi aikinta.

Gawayin ranar Asabar busasshe zan kawo.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
ɗalibinki da ya gane tun tuni,
Illo