Kwanon Maman Chiemeka

Kurmin Sarki, Suleja
26 ga watan Azumi

Zuwa ga Yayata Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ibada? Yaya kuma kunnen nan naki? Tunda waya ta zama mana ihu, gara in rubuta in ba direban tashar Diko ya kawo miki Zariya.

Yaya, na gaji. Yau kwana huɗu ina gaban kasko. Cincin na gama shi jiya, bokiti biyu, yankansa kaɗai ya bar mini kanta a yatsa. Dubulan na yi rabi, hannun ya ƙi murza shi siriri kamar da. Alkamar alkaki tun shekaranjiya na kwaɓa, tana can a rufe tana tsami. Ga zafin gari, ga gawayi, ga azumi a baki, ba damar ɗanɗana ruwan sukari sai an sha ruwa. Ranar Talata na matsa lemun tsami da ka, da magariba na taɓa na ji tsami zalla, dole na zubar na sake. Gida goma sha uku ke jira, kuma kin san dangin Alhaji: in kwanon wannan ya fi na wancan tudu, zan sha labari har Babbar Sallah. Surukarki Fiddausi tana kama mini, sai dai bini-bini ta tuna mini ana sayar da irinsa a Abuja cikin roba mai kyau. Kallonta kawai nake yi.

Amma ba aikin ne ya fi ci mini rai ba. Kin tuna Ugomma, Maman Chiemeka, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu? Shekara goma sha tara muna da kwano guda, na samira mai jan fure, yana kai da kawowa tsakaninmu. Ranar Kirsimeti ta ciko shi da shinkafa da kaza, kazar ma Alhaji take kawo wa ya yanka don mu ci hankali kwance. Sai ya zauna a wurina har Sallah, in cika shi da alkaki in mayar. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba, kuma bai taɓa fita daga gida zuwa gida ba komai a ciki ba.

To, lokacin da na zo wurinki bikin 'yarki Jannat, Fiddausi ta yi mini gyaran kicin. Ta tambayi mijinta, ɗanki Ja'afar, kwanon wa ne, ya ce na maƙwabta. Yarinya sabuwar shiga gida, ta ga kayan mutane ya daɗe, ta wanke shi tas ta kai musu wayam, har da godiya. Ban sani ba sai da na ga gaisuwar Ugomma ta koma ta tsaye, a gaisa ta wuce. Da na nemi kwanon na rasa, na gane.

Na so in shiga in yi mata bayani, kunya ta hana ni. Daga baya haushi ya biyo, wai a ce duk zaman nan namu ta zaci zan yi mata haka. Sai na ce bari Sallah ta zo, alkaki ya yi mini magana. Na sayi sabon kwano. Nata alkakin da zuma zan yi, ba sukari ba, kuma shi zan fara tsamewa. Ki taya ni addu'a ta karɓa, don wallahi in ta ƙi, ban san inda zan sa kaina ba.

Ki gaida Malam da kyau. Allah Ya karɓi ibadarmu.

Ƙanwarki,
Asibi

Kurmin Sarki, Suleja
3 ga watan Ƙaramar Sallah

Yayata,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fata an yi Idi lafiya. Ga naki alkakin nan a kwali tare da wasiƙar. Na ƙasan ya ɗan sha wuta, lokacin idona ya fara rufewa, ki ba jikoki ba za su lura ba. Gidajen nan duk sun samu, ƙorafi biyu kawai ya dawo, bana na ci riba.

Ranar jajibere da la'asar na ɗauki sabon kwanon na shiga gidan Ugomma. Na tarar falo ba labule, an sauke hotuna daga bango, kwalaye jere har bakin ƙofa. Ashe mijinta ya yi ritaya, bayan Ista za su koma garinsu gaba ɗaya. Duk unguwa an sani, har mai kantin bakin layi. Ni da nake jin motsin tukunyarta daga kicin ɗina, ni ce ban sani ba.

Na zauna a kan kwali na faɗa mata yadda aka yi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, can dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta. Ta ce ta zaci wani ne ya hure mini kunne kan cin abincin Kirsimeti, don ta ga an yi haka a wasu gidaje, kuma ba ta so ta sa ni cikin nauyin faɗa mata baki da baki. Ta ce sau biyu tana zuwa har ƙofata da labarin tafiyarsu, tana juyawa. Ta ɗauki alkaki ɗaya ta ci a gabana, tun ban faɗa ba ta gane zuma ce.

Daga nan ta juye sauran a roba, ta wanke kwanon da kanta, ta goge da gefen zanenta, ta miƙo mini hannu bibbiyu. Ta ce in yafe mata, Kirsimeti ba za ta same ta a nan ba, kuma ba za ta tafi da kwanona ta rasa ranar cika shi ba.

Tsakanin ƙofarta da tawa bai fi taku goma ba, na tako su rungume da kwanon wayam. Ban ga laifin Fiddausi ba, Yaya, nawa na gani. Wata biyu cur cikin ɗan abin da ya rage mana na zaman tare na ƙarar ina jiran Sallah, a kan maganar da ba ta fi ta minti biyar ba.

Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, bayana kamar an yi mini duka. Duk da haka gobe da safe zan shiga in taya ta ɗaure kaya. Mako biyu ya rage, kuma duk kwalin da na ɗaure mata, tafiyar nake matsowa da ita.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Malam da yara.

Taki har kullum,
Asibi