Mutumin Da Na Yanke Daga Hoto

Litinin, 3 ga Maris
Gaisuwa ga manya da yara, na zaune da na tsaye, masu mota da masu jiran mota, har da ɓeran dake lashe min gam a ƙarƙashin tebur. Sarkin almakashi ke magana, wanda katin gaisuwarsa ke sa mara lafiya ya tashi yana neman takalminsa. Hukuma, wato matata, tace tunda bakina baya hutawa in dinga juyewa a littafi kunnenta ya sarara. To gashi.

Yau nai kati na gani na faɗa. Na zazzage kwalin tsoffin hotunan da nake saya gun mai gwanjo, sai ga wani mutum, gashin baki kamar da biro aka ja, rediyo a hammata. Wata yarinya a gefensa ta kumbura fuska zatai kuka. Na zagaye shi da almakashi tsaf, ita na barta dan zata ɓata min kasuwa. Na tsoma takarda a ruwan shayi ta tsufa nan take, na manna shi, na bi gefe da zare. Gam bai gama bushewa ba wata mata mai tabarau ta saye.

Laraba, 5 ga Maris
Matar Auta, ƙanin Hukuma, ta haihu. Namiji. Mama surukata tace kunnen marigayi mijinta ne sak, a kawo hotonsa a gwada. Shi Auta bai san babansu ba, yana ciki ya rasu. Hoton ɗaya ne kaf duniya, kuma gun Hukuma yake.

Ta birkice ɗaki har ƙarƙashin katifa. Nace ƙila ya fita shan iska ne. Batai dariya ba. Tace ranar da rufi yai yoyo ta kwashe takardun durowa ta zuba a wani kwali, ta manta wanne.

Kwali dai.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tona kwandon da nake zubar da guntayen takarda. Yarinyar da na bari tana nan. Wannan kumburin fuskar ai na sanshi, shi ake tarbata dashi duk ranar da na dawo ban sayo sabulu ba. Hannunta a sama, tana riƙe da yatsun mutumin biyu, sauran duk rami.

Abinci bai shiga ba yau. Ni!

Asabar, 8 ga Maris
Na tambayi mai gyaran agogo da muke jere ko ya san matar da ta sayi katin. Yace, mai tabarau? Ai rabin masu wucewa nan tabarau ne, harda ni. Na tuna tace wa yayanta zata kai asibiti. Naje, mai gadi yace wane ɗaki, nace ɗakin da aka kai mai gashin baki. Ya nuna min hanyar fita.

Lahadi, 9 ga Maris
Basira dai ba a siyanta a kanti. Na samo wani mai gashin baki a kwali, tsayinsu ɗaya. Na cusa shi a ramin, na yanko rediyo daga tsohuwar mujalla na saƙala masa, na goge gefen da fensir, na sa a firam mai gilashi. Ko wanda ya ɗauki hoton sai ya rantse.

Aro ne kawai kafin in samo na gaske. Aro ne.

Talata, 11 ga Maris
Na fito dashi a gidan Mama, nace a kwalina na tsinta har nai masa gata. Mama ta kaishi dab da hanci, idon nata sai a hankali. Ta shafa gilashin da yatsa tace, gashi nan, shi da rediyon nan nasa. Auta, zo kaga babanka.

Auta ya karɓa. Ya kalli hoto, ya kalli kunnen jariri, yace wallahi kuwa Mama. Ya ɗauka a waya, ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja.

Mama tai ta sa min albarka, wai suruki irina sai an tona. Na saba in an yabeni in ƙara da nawa. Yau takalmina na kalla.

A hanya Hukuma tace, Baban yara, yaushe babana ya fara ɗaura agogo? Nace ƙila ara yayi dan hoto. Ta tsaya cak a tsakiyar titi. Tace ina ka kaishi?

Na faɗa mata. Duka, har mai tabarau.

Juma'a, 14 ga Maris
Da ta zageni da na samu sauƙi. Abinci yana zuwa kan lokaci, kayana a goge. Na gwada mata muryar mai gadin asibiti, ko gezau.

Tana yanka albasa tace, ba hoton bane kaɗai. Ina shekara uku ya rasu, fuskarsa a takardar nan na santa. Yanzu in na rufe ido ina nemanta, mutumin nan naka ke zuwa.

Nace albasar nan tana da yaji. Tace eh.

Asabar, 15 ga Maris
Auta ya sa baƙon a fuskar wayarsa. Yana nuna ma abokan aikinsa.

Litinin, 17 ga Maris
Nace Hukuma ta faɗa masa, ita ce yayarsa. Tace wanda ya shafa gam shi zai ɓare.

Naje. Na shirya barkwanci a hanya, duk ya zube a bakin ƙofa. Auta ya daɗe yana kallon wayar, sannan yace, to Yaya, wannan baban waye? Nace nima ban sani ba. Sai lokacin abin ya faɗo min, kwalin nan nawa duk iyayen mutane ne.

Mama kam bamu faɗa mata ba. Firam yana kan talabijin ɗinta.

Litinin, 24 ga Maris
Kasuwa lafiya lau, har yanzu babu na biyuna a layin nan. Sabon salo na fito dashi, hoto sukutum nake mannawa, da yara masu kuka da labulen baya da komai. Mai agogo yace ina almakashin. Nace babban yatsana ke ciwo. Kuma yana ɗan ciwon.

Hukuma tana zama kusa da tebur da yamma, duk mai tabarau da ta wuce sai mu ɗaga kai tare.

Kai da ka tsinci littafin nan kana karanta sirrin mutane, na yafe maka, amma ka biya. Duba durowarku, duba ta yayanka. Kati ne kalar shayi, mutum da rediyo a hammata, hannunsa na hagu ba yatsu biyu. A sama an rubuta Allah baka lapiya, da p, kar kai min dariya. Ka aiko min shi teburin dake gefen mai gyaran agogo. Ko ya yage, ko an ɗora kofi a kai, ka aiko. Fuskar kawai muke so.