Jalebin da Mushtaq Sahib Ya Raba

Khala Shamim, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Ina rubuta manhaja a wani kamfani a nan Lahore. Manhajarmu ce ke kai wa marasa lafiya sakamakon gwajin jini a waya. Sakamakon a kulle yake a ajiye, buɗe shi kuma na cin lokaci, don haka ba ma tsayar da kowa a jira. Sai mu miƙa aikin ga wata na'ura, mu bar umarni cewa in ta gama a kai saƙon gurbi kaza. Wannan umarnin muke kira kolbak. Amma in mutum ya katse kafin a gama, wani ake bai wa gurbinsa, saboda haka dole kolbak ya duba ko mai saƙon na nan tukuna. Ni na rubuta wurin, ban sa dubawar ba. Sauri nake yi, kuma lokacin gwaji ba wanda ke katsewa.

Sakamakon wata mata ya faɗa wayar wani baƙo, irin gwajin da ba a son ko dangi su gani. Shi kuma ɗan banza ya ga lambarta a jiki ya kira ta.

Akwai wani dattijo a wajenmu, Mushtaq Sahib, shi ya koya mini aikin nan. Ɗabi'arsa ba ya iya ganin layin rubutun manhaja a karkace bai daidaita ba, nawa ma ya daidaita shi. Tsarinmu kuwa sunan wanda ya taɓa layi a ƙarshe yake nunawa a gefe. Da maganar ta fito aka haska manhajar a taro, ga sunansa ɓaro-ɓaro a kan layina. Na yi gum.

Al'adarmu, wanda ya yi ɓarna shi ke sayo jalebi, soyayyen kayan zaƙin nan, ya raba da hannunsa. Dattijon nan ya ɗauki tire yana bin tebur-tebur, samari na yi masa tafi. Wani ya ce, "Baba, ka duba ko mai tebur na nan kafin ka ajiye!" Aka fashe da dariya. Khala, ni ne wanin. Ban san me ya hau kaina ba. Da ya iso wajena ya zaɓo babba ya sa mini a hannu, ya ce, "Ci, beta, ɗana, da zafinta." Ya sani, wallahi ya sani. Na cinye, har na ƙara ɗaya.

Ranar Litinin za a sallame shi, a shekarunsa kuma ba mai ɗaukarsa aiki. Ni wata mai zuwa za a ba ni shugabancin sashe, mahaifiyata har ta shaida wa 'yan unguwa. An gyara layin, amma na kwafi irinsa a wasu wurare uku da ba wanda ya lura, in na taɓa su asirina ya tonu. Ina tunanin saya masa agogo mai kyau na bankwana. Shi ma ai da laifinsa, wa ya aike shi taɓa aikin wani? Ko kuwa?

Mai Cizon Yatsa

Ɗana,

Bar maganar agogo. Mutumin da ka zaunar a gida, lokacin me zai duba?

Zan ba ka naka gaskiyar. Manta dubawa a kolbak kuskure ne da gwanaye ma ke yi, domin ba ya bayyana sai an yi rashin sa'ar daƙiƙa. Waɗanda suka duba aikinka suka wuce da shi na da rabonsu, kamfanin da ke yanke hukunci da sunan gefen layi kuwa rago ne. Tsoronka ma na fahimta. Iyakar uzurinka ke nan. Kuskure ya ƙare ranar da ka rubuta layin. Shirun da ba'ar, da idonka biyu ka yi su.

Daidaita layi ba laifi ba ne. Kuma tarihin layin, mai nuna wanda ya fara rubuta shi, na nan, dannawa biyu ya isa Mushtaq Sahib ya wanke kansa. Bai danna ba. Yana jira ne ya ga ko wanda ya koyar zai waiwayo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wuraren nan uku ne. Kowace rana da ka yi shiru, caca kake yi da asirin wata baiwar Allah. Gobe da safe, ba Litinin ba, ka rubuta wa shugabarku da duk waɗanda suka yi tafi, ka haɗa da tarihin layin da wuraren ukun. Ka gyara su yadda in mutum ya katse za a soke aikinsa, kolbak kuma ya tabbatar da mai saƙo kafin ya miƙa, ka yi gwajin da ke katsewa da gangan. Kafin ka aika, ka je wajen dattijon ka faɗa masa da bakinka.

Shugabancin zai iya kuɓucewa, ba zan yi maka ƙarya ba. Mahaifiyarka za ta ji kunyar unguwa na mako biyu, ta warke.

Sannan ka sayo jalebi, ka ɗauki tiren, ka fara da teburinsa. In ya ƙi karɓa, haƙƙinsa ne, kada ka motsa sai ya ce ka tafi.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya rufa wa matar nan asiri fiye da yadda ka rufa mata.

Khala Shamim