Ɗorawa Uku a Gonar Gwaggo

Madadi, 9 ga Afirilu, 2001

Zuwa ga Gwaggo Uwaliya, a Kabo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ke da Malam Ƙasim da Raliya. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Gwaggo, jiya Lahadi da hantsi na kora jaki zan kai taki, sai na ji kukan injin yankan itace daga wajen gonarki, wadda kika ba Alhaji Badamasi aro. Ko da na isa, ɗorawarki biyu suna ƙasa. Ana kan ta uku, babbar nan mai kogo da kike shimfiɗa tabarma a gindinta. Wani ya hau ya ɗaura mata igiya a sama, kuma hawan wanda ya san bishiyar ne. 'Ya'ya ne jingim a jikinsu, saura kaɗan su bushe ki zo kaɗa.

Na ce, "Alhaji, lafiya? Itacen Gwaggo ne fa."

Ya ce, "Gwaggon wa? Kananzir ya gagari mutane, gidajen burodi na neman itace. Ja jakinka, yana tattaka mini gona."

Na tsaya na duba. Ga busasshen marke a tasa gonar ta gado, ga ɗorawarsa biyu, ko reshe ba a taɓa ba. Naki ɗanyu kaɗai aka zaɓa. Yau da safe kuma an tara kara an cinna wa kututturan wuta. Mai sayar da itace me ya haɗa shi da ƙona kututture?

Akwai mutane a wurin. Ki ɗan ba ni lokaci kafin in faɗi sunayensu.

Ki huta lafiya. Ɗanki,
Uwaisu

Kabo, 13 ga Afirilu

Uwaisu ɗana,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Raliya ce ke rubuta mini, tana gaishe ka.

Tun da aka karanta mini takardarka abinci bai wuce mini ba. Ba itace yake so ba, gonar yake so. Ranar da aka raba gadon kakanku, babanku ya ɗauki ta tudu, aka ba ni wannan. Da aure ya kawo ni Kabo na ce da Badamasi ya noma ƙasa, ni in ci sama. Ba takarda, baki ne da baki. Shekara goma sha uku ke nan ban taɓa fashin zuwa kaɗa ɗorawa ba, har shekarar da na zo da sanda.

Malam ya ce a shari'a, in mutum ya shekara goma yana noma wuri, mai wurin na gani bai tanka ba, ana iya bar masa. To zuwana duk bazara shi ne tankawata. Shi ya sa ya sare, ya ƙone, gobe ya ce ina bishiyar da take faɗa?

Na kai ƙara Gwarzo, za a zauna ranar talatin ga wata. Kullum rediyo na cewa Shari'a ta dawo. To ga tawa, in gani ko ta san hanyar gonar tsohuwa. Ana son maza biyu su yi shaida. Wane lokaci kuma zan ba ka? Su wa ka gani?

Na aika wa yayanka Jibirin Kano, shi da ya yi boko, ya zo ya tsaya mini. Shiru.

Allah ya yi maka albarka.
Gwaggonka

Ɗorayi, Kano, 18 ga Afirilu

Ƙanena Uwaisu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji zancen bishiyoyi. Ni ina Kano ranar, don haka ban san yadda aka yi ba.

Amma bari in faɗa maka gaskiya. Wata takwas ke nan da aka sallame mu daga masaƙa, ka san abin da ake ci a gidana? Alhaji ya cika fam ɗin neman tallafin noman rani, za a haƙa rijiyar burtsatse a gonar nan, a sa injin ban ruwa. Sharaɗin masu tallafin shi ne fili ya zama na mai nema, kuma ba inuwa. Ya ce ni zan riƙe aikin, kai ma da gurbinka. Tumatir da albasa sau biyu a shekara, ka haɗa da kwaryar daddawa?

Gwaggo ta tsufa, tana Kabo, ko fartanya ba ta iya ɗagawa. In abin ya kankama ni zan riƙa kai mata buhu har ɗaki. Kada ka je kotu. Kai da ka tsaya a aji huɗu, lauyan Alhaji zai juya ka kamar waina. Kuma wa zai bi bayanka? Rabin garin a wurinsa suke samun takin zamani.

Ka yi tunani. Yayanka,
Jibirin

Madadi, 21 ga Afirilu

Yaya Jibirin,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, da Fiddausi da yara.

Gaskiya ne a aji huɗu na tsaya. Amma idona bai tsaya ba.

Ka ce kana Kano. Yaya, mutum biyu ne a duniya suka san ana taka bakin kogon nan da ƙafar hagu a kamo reshen gabas, ni da kai, kuma kai ka koya mini. Ka ja hula ka rufe goshi, da ka sauko ka laɓe bayan a-kori-kura. Takalminka na masaƙa ka bari a gindin bishiyar, jakina har ya shinshina shi.

Kalwar bishiyar nan Gwaggo ta dafa, ta yi daddawa, ta ɗinka maka kayan makaranta bayan rasuwar Inna. Ni aka bari a gona don kai ka yi karatun. Ban taɓa jin haushin haka ba sai ranar Lahadin nan.

Yunwar gidanka na san da ita. Da ka faɗa mini, da na raba dawata biyu. Buhun da za ka kai mata kuwa, sadaka za ka yi mata daga gonarta?

Kwana goma sha uku ina riƙe da sunanka, tana tambaya ina kewaye-kewaye. Ka je Kabo ka faɗa mata da bakinka kafin Juma'a. In ka je, tare za mu shiga kotun. Gurbin da aka ajiye mini a ba wani.

Ƙanenka,
Uwaisu

Madadi, 28 ga Afirilu

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki da Malam. Direban Kabo ya ce jiya ba wanda ya zo miki daga Kano.

Litinin da sassafe ina bakin kotu. A rubuta waɗannan, su ne shaidunki.

Ni, Uwaisu.

Sajo, Bafulatanin da ke sauka da shanu a gonar Alhaji bayan girbi. Ya ce shekara tara yana shan inuwarki yana ganin kina kaɗa, zai zo ko da za a hana shi sauka.

Asiya matar Liman, ta fito tsintar kara, ta tsaya har ta uku ta faɗi.

Sai wanda ya hau ya ɗaura igiyar. Raliya, ki karanta mata wannan a hankali. A kai sammacinsa Ɗorayi. Yaya Jibirin ne.

Ɗanki,
Uwaisu