Shirun da ke Tsakanin Minshari

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙanwarki mai jego da 'yan biyunta? Na ba direban motar safe takardar nan ne don na san a waya ba za ki bar ni in kai aya ba.

Kada hankalinki ya tashi. Ranar Talata gyangyaɗi ya sace ni a gaban danja, bas cike da fasinja. Allah ya sa ƙafata na kan birki, hon ɗin na baya ne ya tashe ni. Manaja ya ce ba ni ba sitiyari sai da takardar likita, ya ajiye ni a teburin tikiti.

Na kwana a asibiti, an manna mini wayoyi har a hanci. Likita ta ce maƙogwarona ne ke rufewa idan na yi barci, wai numfashina kan tsaya sau arba'in da ɗaya a awa guda. Ta ɗora laifin a kan tumbin nan da kitsen wuya. An ba ni na'ura mai hura iska da zan ɗaura a hanci in zan kwanta, da allurar rage ƙiba sau ɗaya a mako.

Gadon ya yi mini faɗi, sai dai ƙwaurina ya huta da shurinki.

Naki,
Baban yara

*

Baban yara,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya lau, uwarsu ma ɗinkin tiyatar yana warkewa, amma ba za ta iya ɗaukar biyu ba tukuna, dole in zauna.

Innalillahi! Ka ce kada hankalina ya tashi? Sau uku na karanta a tsaye. Don Allah abin da likita ta ce duka za ka yi, ba wanda ya yi maka daɗi kaɗai ba. Na san halinka da magani, kwana uku ka ce ka warke.

Ka gaida maƙwabta. Allah ya ba ka lafiya.

Maman yara

*

Ranki ya daɗe,

Sallama da gaisuwa. Albishirinki! Wata uku ke nan, kilo tara sun tafi. Da farko allurar ta sa ni tashin zuciya, yanzu rabin faranti ya ishe ni. Wandunan da kika ɗinka mini duk sai da bel suke tsayawa.

Na'urar kam na mayar da ita kwalinta, don tana busar mini da baki. Kafin ki fara faɗa, na yi gwaji. Na tambayi maƙwabcinmu mai walda, wanda shekara da shekaru yake ƙorafin minsharina na ratsa bango. Ya ce yanzu jefi-jefi yake ji, sai a yi shiru tsit. To me ya rage? Litinin zan roƙi manaja ya ba ni makullin bas. Teburin nan ya ishe ni, yaran da na koya wa tuƙi suna wucewa suna ɗaga mini hannu.

A shafa mini kan 'yan biyu.

Baban yara

*

Baban yara,

Ina gaisuwa. Na tsayar da direba a ƙofa, a gurguje nake rubutu.

Haba! Mai walda ne likitanka? Ni minsharinka bai taɓa ba ni tsoro ba, shirun ne. Bari in faɗa maka abin da na ɓoye shekara goma sha tara. Ban taɓa yin shuri cikin barci ba, ido biyu nake. In minsharin ya yanke, sai in fara ƙirge a zuciya. Idan na kai goma sha biyar ƙirjinka bai motsa ba, in shure ka, ka ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ka yi ta tsokanata a gaban yara, ni kuma in yi dariya. Na ɗauka haka Allah ya yi ka, ban san ciwo ne mai magani ba. Laifina ne da na yi shiru, ka yafe mini.

Na ji daɗin ramarka wallahi, ka ci gaba da allurar. Amma ka fito da na'urar nan yau, kuma ka koma a sake auna ka kafin ka ɗauki 'ya'yan mutane. Tsoro nake ji, kuma ƙafata ba za ta kai inda kake ba.

Matarka

*

Maman yara,

Sallama. Na karanta takardarki a bayan ofis, na yi kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Na koma an auna. Sau goma sha tara numfashin ke tsayawa a awa guda yanzu. Likita ta ce allurar na aiki, amma da saura, a ci gaba da ita da na'urar, duka biyun. Litinin manaja ya miƙo mini makulli, na ce ya riƙe sai likita ta sa hannu.

In mai jego ta samu ƙarfi, ki dawo gida ki yi barci. Na sallame ki daga gadi.

Mijinki